Daminar da Na Hana Mahauci Nama

Bana Babbar Sallah ta zo mana da ruwa. Tun da asuba aka fara yayyafi, har aka sauko daga Idi bai ɗauke ba, sai a ƙarƙashin rumfar kwano aka yanka ragon. Kafin azahar ƙamshin suya ya gauraya da na jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika tsakar gida. Ina zaune a kan kujera ina yanka albasa, jikokina mata suna kaiwa da komowa tsakanin murhu da firij, sai na ga wuƙar ta tsaya a hannuna. Duk sa'ad da ƙamshin nan biyu suka haɗu, na ruwa da na kitse, hankalina yakan koma wata damina, kusan shekara arba'in da suka wuce, a cikin gidan nan namu na Tudun Wada, tun yana ginin ƙasa.

Sunana Ladi. Ni 'yar manoma ce, daga wani ƙauye ta wajen Soba aka kawo ni gidan mahauta. A gidanmu nama sai da Sallah ko in an yi suna, kuma ko a lokacin tsoka ɗaya ce rabon yaro. Da na zo nan sai na tarar da wata duniya dabam. Da safe romon ƙashi ne. Da rana Malam, maigidana, zai aiko da abin da ya zaɓa daga teburinsa. Da yamma ya shigo da ƙunshin kayan ciki, hanta da ƙoda da tumbi, wani lokaci har da tozo. Shi kuwa a kwata ma ci yake yi. Yakan yanki kitse ya ɗora a garwashi, ya barbaɗa gishiri, ya ci da zafinsa yana tsaye. Miyarmu in ta huce sai ka ga mai ya daskare a samanta fari fat, kaurin ɗan yatsa. Maƙwabta suna sha'awarmu, ni ma ina ji da kaina. In na je ganin gida, matan ƙauyenmu sai su riƙa taɓa damtsena suna cewa lallai na samu wurin zama.

Abin da ba a faɗa da ƙarfi shi ne, mazan gidan ba sa tsufa. Mahaifin Malam ban tarar da shi ba. An ce a kwata ya faɗi da wuƙa a hannu, ɓarin jikinsa ya shanye, ya yi shekara biyu a kwance sannan ya cika. Yaya Garba kuwa, wan Malam, a gabana aka yi. Mutum ne kakkaura mai yawan dariya, gemunsa baƙi wuluk. Shi ma haka ya faɗi, bakinsa ya karkace, wata bakwai muna juya shi a shimfiɗa kafin Allah ya karɓi abinsa. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce gadon gidan ne. Malam kaɗai ya rage wa Inna, surukata, wadda ba ta kiransa da komai sai Auta, ko da yake a lokacin ya ba arba'in baya, 'ya'yanmu uku.

A shekarar da nake ba da labari, Sallah ta faɗo a tsakiyar damina, lokacin marka. Ga mahauci babu ranakun aiki kamar waɗannan. Gida-gida Malam yake bi yana fiɗa, tun daga layinmu har Kwangila, kuma duk inda ya feɗe rago sai a ba shi wuya ko a cika masa kwano da soye. Kwana uku ba abin da ya shiga cikinsa sai nama da shayi. Mu ma a gida mun soye namu, mun zuba a babbar tukunyar ƙasa, kitse ya rufe shi ruf, yadda zai kai mu wata biyu. Ba mu da firij a lokacin. Kitse da gishiri su ke tsare mana nama.

Safiya ta huɗu na ga yana ɗingishi. Babban yatsan ƙafarsa ta dama ya kumbura, ya yi ja yana sheƙi. Ya ce ƙeyarsa na sara tun jiya. Ya sunkuya zai ɗauki buta, sai kawai ya tafi gaba ɗaya, goshinsa ya bugi bakin randa. Na riga Inna isa wurinsa. Abin da na fara dubawa bakinsa ne. Bai karkace ba. Na ce ya matse hannuna, ya matse da dama, ya matse da hagu. 

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Sista Saratu. Nas ce, 'yar Wusasa, mijinta malamin makaranta. Duk Sallah muna aika mata nama, duk Kirsimeti tana aiko mana da shinkafa da cincin. Na leƙa ta katanga na kira ta, ta shigo da ɗankwali a hannu, ko ɗaurawa ba ta tsaya yi ba. Ta naɗa masa abin awon jini a damtse, ta matsa, ta kasa kunne, ta sake matsawa. Sai ta ɗago ta dube ni.

"Ladi, ɗauko mayafinki. Asibiti za mu yanzu."

Inna ta ce, "Sanyin damina ne, 'yar nan. Bari in ɗora masa romo mai yaji, yanzu zai warware."

Sista ta durƙusa a gabanta. "Inna, jininsa ya hau ƙwarai. Abin da ya kayar da Garba ne yake neman kayar da shi. A bar mu mu tafi."

Kwanansa biyar a asibiti. Ranar sallama likita ya ba da ƙwayoyi, ya yi dogon bayani, rabinsa da Turanci. Da muka dawo gida Sista ta ja ni ɗakin girki ta warware mini shi da Hausar da zan gane.

"Ƙwayar nan kullum zai sha, kada ya tsallake ko rana ɗaya. Amma ita kaɗai ba za ta iya ba. Kitse, kayan ciki, romon ƙashi, kilishi, duk a ajiye su. Gishiri ki rage shi sosai. Jan nama ma a dakata tukuna, sai ƙafar ta saɓe."

Na ce, "Sista, mahauci ne fa."

"Na sani. Babansa ma mahauci ne." Ta dafa kafaɗata. "Ban ce miki nama guba ba ne. Amma jiki ba ya iya ɗaukarsa safe da rana da dare, shekara da shekaru. Tarawa yake yi, sai girma ya fara kama mutum sannan abin ya fito. In kina so ku tsufa tare, daga tukunyarki za a fara."

Kwana biyu ina kallon tukunyar soyen nan. Na san muddin tana cikin gida, daga Malam har Inna babu mai iya haƙuri. Ranar da Inna ta tafi barka Tudun Jukun, na kwashe naman kaf, na rarraba a kwanuka, wasu na miƙa ta katanga, wasu na aika gidajen layinmu. Malam yana kwance a ɗaki yana jin ƙarar kwanukan.

Inna ta dawo bayan la'asar. Ko mayafi ba ta cire ba ta buɗe tukunyar za ta ɗebo wa ɗanta.

"Ina naman?"

"Na rabar, Inna."

"Kin rabar." Ta zauna a kan turmi. "Naman Sallar ɗana kika rabar, yana kwance ba lafiya. Da me zai tashi? Da ganyen ƙauyenku?"

Na durƙusa, kaina a ƙasa. "Inna, likita ne ya ce."

"Likitan ne ya haifa mini shi? Na rasa biyu, uba da ɗa, ke kuma kin zo ki ƙarasa mini na ukun da yunwa. In ba za ki iya ciyar da shi ba, hanyar Soba ba ta toshe ba."

Ban taɓa mayar mata da magana ba, ranar ma ban mayar ba. Amma ban ce na tuba ba. Sati biyu ba ta amsa gaisuwata sai da ka.

Daga nan wahalar ta fara sosai. Malam ba ya iya tsayuwa, balle ya je kwata, gidan mahauci kuwa abin da aka samo yau shi ake ci yau. Buhun dawarmu ya kusa ƙasa, hatsi ya yi wuya a kasuwa, sabo bai nuna ba. Marka ta sauka, kwana bakwai ba mu ga rana ba. Ba ruwa ne mai tsawa ba, irin mai zuba a hankali ne, ya ɗan tsagaita ka ce ya wuce, kafin ka fitar da tabarma ya dawo. Itace ya jiƙe har cikinsa. In na hura wuta hayaƙi kawai take yi, idanuna su yi ja, 'ya'yan suna zaune a bakin ƙofa suna jiran abin da bai ko tafasa ba. Tufafi ba sa bushewa, suna rataye a igiya cikin ɗaki suna wari. Soro yana yoyo wuri huɗu, kowane da kwanonsa. Wata rana da azahar bangon ɗakin girki na gabas ya sha ruwa ya zube, Allah ya sa ba kowa a ciki. Na kwashe duwatsun murhu na koma zaure da girki.

Abin da na raina a gidanmu na ƙauye shi ya tsaya mini. In ruwa ya tsagaita da hantsi, sai in nemi izinin Malam, in yafa buhu a ka, in gangara bakin rafin Kubanni, ni da ban cika fita ba. Tafasa ce ko'ina har gwiwa, ba mai kula ta. In tsinko ta, in haɗo da lalo da yakuwa da rama. Zogale kuwa bishiya biyu ce a gidan Sista, ta ce in ɗauke su kamar nawa. Da safe kunun dawa. Da rana kwaɗon tafasa ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli. Da yamma tuwo da miyar lalo, in dawar ba za ta isa tuwo ba a yi fate, a cika shi da yakuwa ya yi yawa a ido.

Ranar da na fara ajiye faten a gaban Malam, ya daɗe yana juya cokali a ciki yana neman abin da babu.

"Ladi, wannan na mara lafiya ne ko na awaki?"

"Naka ne, Malam."

Ya ci cokali uku ya ture kwanon. Da yamma yakan sa in fitar masa da tabarma bakin zaure. A daidai lokacin masu tsire na bakin titi suke hura wuta, iska ta kwaso hayaƙin ta shigo da shi layinmu. Sai in ga ya rufe ido, maƙogwaronsa yana motsi. Ba zan ɓoye ba, ni kaina yawuna tsinkewa yake yi. Shekara goma sha biyu na saba da hanta mai zafi. Amma na yi wa kaina alkawari, abin da na hana shi ba zai shiga bakina ba.

Mahaifin Malam ya bar wata 'yar gona a bayan Tudun Jukun. An yi shekaru ba a taɓa ta ba, don mutanen gidan sun raina fartanya. Na ce zan shuka wake, lokacinsa bai wuce ba. Matan layinmu, waɗanda suka ci naman nan da na rabar, su suka fito mini. Mu shida ne, har da Sista ranar da ba ta da aiki. Ciyawa ta kai mana ƙugu. Laka tana cire mana takalma, har muka haƙura muka tara su a gindin mangwaro muka shiga da ƙafa. Ruwa yana dukan bayanmu, gumi yana zuba ta gaba. Kwana biyu muka yi muna sara da huɗa, rana ta uku na shuka wake, na zuba irin alayyahu a gefe, na jera kuɓewa a bakin iyaka. Tafin hannuna da ya yi laushi a gidan mahauta ya tashi, ya fashe, sannan ya yi kanta.

A sati na huɗu ƙafar Malam ta saɓe, ya fara takawa a tsakar gida. Wata rana na dawo daga gona da la'asar, tun daga ƙofar gida na ji ƙamshin da na sani. Ashe Alhaji Tanimu, abokin sana'arsa, ya zo dubiya da ƙunshin kayan ciki, Inna kuma ta yi farfesu. Kwanon yana gaban Malam, har ya suɗe shi. Daga baya na ji cewa kwana uku ke nan ana yi, da zarar na fita. Malam ya kau da kai. Inna kuwa ta dube ni ido cikin ido. Na ajiye fartanya, na zagaya bayan ɗaki, na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito na ɗora tuwo.

Washegari da safe yatsan ya dawo, kumburin har idon sawu. Ko zanen rufa ya taɓa wurin sai ya yi ƙara. Babban mutum yana cizon matashi, hawaye yana bin kuncinsa. Inna ta zo da man zafi za ta shafa masa, ya janye ƙafar.

"Inna, don Allah kada ki taɓa."

Ta tsaya da kwalbar a hannu. Ta daɗe tana kallon ƙafar nan, sannan ta juya ta fita.

Da azahar ta same ni a zaure ina gyaran zogale. Ta zauna a tabarmar da nake, abin da ba ta taɓa yi ba, ta jawo faifan gabanta ta fara tsinkewa.

"Haka ƙafar babansa take yi," ta ce. "Duk bayan Sallah. Ni kuma sai in dafa masa kai da ƙafa, in ce ya sha ya ji ƙarfi."

Ta zuba ganyen da ta tsinke a faifan, sannan ta ƙara da cewa:

"Garba ma haka."

Muka ci gaba da tsinke ganye, ruwa yana zuba daga indararo. Can ta ja hanci ta ce, "Miyar taki ba ta da daɗi, shi ya sa. Kin cire nama, kin cire gishiri, ba ki sa komai a gurbinsu ba. Miƙo mini turmi."

Ranar na ga abin da ban taɓa gani ba. Ta gasa daddawa a garwashi har ta yi ƙamshi kafin ta daka. Ta haɗa citta da tafarnuwa da masoro. Ta soya gyaɗa a kasko ba mai, ta murje ɓawon, ta daka ta luƙui. Albasa ta bar ta a wuta har ta yi ja. Da miyar ta kusa sauka ta tsiyaya ɗan ruwan tsamiya. Ashe ita ma 'yar ƙauye ce kafin aure, ta san duk wannan tun tana budurwa, zaman gidan nama ne ya sa ta ajiye shi. Da yamma Malam ya cinye malmalar tuwo, ya ɗago kai ya ce ko akwai saura. Ni da Inna ba mu dubi juna ba, amma na ga ta gyara zama.

Daga ranar muka haɗe kai, har muka wuce likita tsanani. Ko ƙwai ba ma bari ya gani. Malam ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa, in zai tashi sai ya dafa bango. Sista ta zo awo, ta dube shi sama da ƙasa, ta kira mu waje.

"Wa ya ce ku mayar da shi ɗan akuya? Jiki yana bukatar abin da zai gina shi. Ku ba shi wake sosai, da ƙwai, da kifi, kaza in ta samu a cire fatar. Jan nama marar kitse, tsoka biyu ranar Juma'a, ya isa." Sai ta kamo hannun Inna ta ɗaga, siriri kamar kara. "Wannan ce ma ta fi shi bukatar naman. Tsoho in ba ya samun abin gina jiki, ƙarfinsa zubewa yake yi. Inna, rabonki kike tura wa maza, ko?"

Inna ta rufe baki da mayafi tana dariya. Gaskiya ne. Duk shekarun nan da muke iyo cikin nama, ita romo kawai take tsoma tuwo, tsokar ta tura wa 'ya'yanta.

Da Alhaji Tanimu ya sake zuwa, Inna da kanta ta tare shi a ƙofar gida. Ta ce, "Tanimu, Allah ya saka da alheri. Amma in za ka kawo, tsoka zalla, ranar Juma'a. In na ga kitse da kai zan mayar." Bai fasa ba kuwa, duk Juma'a sai ya kawo har Malam ya tashi. Nakan dafa ya yi laushi, biyu na Malam, uku na Inna, sauran na yara. Kajina biyu suka fara ƙwai. Masunta na bakin Kubanni suka san ni, in na ba su ganye su ba ni ƙananan kifi.

Sista ta ce sai ya riƙa tafiya da ƙafa. Ya fara bina gona da sanda, yana barin rata mai yawa tsakaninmu don kada a ce yana bin mace. Ya isa yana haki, ya zauna a gindin mangwaro yana kallona. Haka aka yi kusan kwana goma. Ran nan ya ce kunyar da nake gyarawa ta karkace, in ba shi ya nuna mini. Mutumin da bai taɓa riƙe fartanya ba. Na miƙa masa ban yi dariya ba. Ranar rabin kunya ya yi ya zauna. Bayan sati ya yi biyu. Wasu abokan sana'arsa suka wuce a kan kekuna suna ɗaga masa hannu, suna kiransa sarkin noma. Ya share gumi da hula ya ce su gaida kwata, ya sunkuya ya ci gaba. Kafin ruwa ya ɗauke, yana yin kunya biyar bai tsaya ba, sandar kuma ba mu san inda ya manta ta ba.

Sai sama ta washe. Rana mai zafi ta kaka ta fito, ƙasa ta bushe, tufafi suka daina wari. Mun riga mun ci alayyahu har mun gaji, kuɓewa na yanka na shanya a kan rufi. Wake ya bushe a jikinsa, in ka tsaya shiru da rana kana jin kwanso yana fashewa. Kwana uku muna roro, matan layi suka sake fitowa, kowacce ta tafi da rabonta a zane. Da muka sussuke, aka samu buhu biyu da ɗan ƙari. Na ce a nemo mai kura. Malam ya ce in kama masa. Na kama, ya ɗora buhu a ka, ya kama hanya. Ina biye da shi da kwando, ina jiran ya tangaɗa. Tun daga bayan Tudun Jukun har ƙofar gida bai sauke ba, bai tsaya ba.

Inna tana tsaye a zaure. Ta ga ɗanta ya shigo da buhu a ka, ƙafafunsa biyu a ƙasa daram, wuyansa yana sheƙi da gumi. Ya sauke a gabanta ya miƙe, numfashinsa daidai. Tsohuwar nan ta kama hanci ta rangaɗa guɗa, har Sista ta leƙo ta katanga tana tambayar wa ya haihu.

A satin muka koma asibiti. Likita ya auna, ya sake aunawa, ya duba takardar farko. Ya ce a ci gaba da shan ƙwaya, amma duk abin da ake yi masa a gida kada a fasa. Malam ya nuna ni da haɓa ya ce, "Sai ka gaya wa waccan. Ita ce hukuma."

Ya koma kwata da langa a hannu, wani lokaci wake, wani lokaci dambu da zogale. Sun yi masa dariya har sun gaji. Ya yi shekara ashirin da wani abu yana fawa bayan nan, yana yanka wa mutane abin da suke so, shi kuma ya buɗe langarsa da azahar. Matan wasu mahauta suka riƙa zuwa a ɓoye suna tambayata yadda ake miyar. Wasu sun riƙe, wasu sati ɗaya suka yi suka watsar. Ba zan ce duk wanda ya ci gaba da cin kitse ya faɗi ba. Alhaji Tanimu bai canza komai ba, kuma ya kai saba'in. Amma na je gaisuwa gidaje da yawa na sa'o'in Malam tun 'ya'yansu ba su gama makaranta ba. Ajali na Allah ne, ni ba likita ba ce. Abin da na gani a gidan nan shi nake faɗa.

Inna ta ƙara shekara goma sha tara, a hannuna ta cika, ta ga auren jikokinta biyu. Sista ta yi ritaya ta koma Wusasa, har yanzu muna waya. Gonar nan duk gidaje ne yanzu, ko mangwaron babu. Tafasar da nake tsinka kyauta, yau a ƙulle ake sayar da ita a kasuwa. Naman Sallah yana zama a firij har a manta da wane rago ne. Jikokina in sun so tsire waya suke bugawa, ɗan acaɓa ya kawo har ƙofa. Ba na yi musu wa'azi. In sun zo gidana dai, abin da ke tukunya shi za su ci, kuma ban ga wanda ya bar saura ba.

Makon jiya mijin 'yarmu ta biyu ya zo da takardar asibiti a aljihu. Bai daɗe da cika hamsin ba, an ce jininsa ya hau, duk ya tsorata. Malam, wanda yanzu ya haye tamanin, ya zaunar da shi a falo. Ina daga tsakar gida ina jinsu ta taga.

"Ni da kake gani," in ji Malam, "rana ɗaya na yanke shawara. Na tara mutanen gida na ce daga yau kada in ƙara ganin kitse a kwanona. Har roƙona suka riƙa yi, na ce a'a, na gama magana." Sai ya ɗaga murya. "Hajiya, ba haka aka yi ba?"

Na ce, "Haka aka yi, Malam."

Aka kira la'asar. Surukin ya zaro makulli ya ce bari ya kai Baba masallaci a mota. Malam ya ce a bar motar ta huta. Ya zura takalmi, ya gyara hula, ya fita. Na leƙa ta ƙofar gida. Surukin yana biye da shi da sauri-sauri, babbar rigarsa tana harɗe masa ƙafa. Kafin su kai kwanar layi, Malam ya tsaya, ya goya hannu a baya, yana jiransa.